Masu Gumi a Makka, Masu Gumi a Wales

Daga unguwar Rusaifa nake magana da ku, a yammacin birnin Makka.

Duk alhajin da ya hawo jirgin ƙasa daga Madina ko Jidda, a nan Rusaifa yake sauka, domin nan aka gina tashar Makka ta jirgin Haramaini, wanda ya fara jigila a shekarar 2018. Tsawon dogon kilomita 450 ne, jirgin kuwa yana cinye shi cikin sa'a biyu da 'yan kai. Daga wajen tashar, in ka fuskanci gabas, sabon titin Sarki Abdul'aziz ne ya miƙe ɗoɗar har kusa da Harami, tafiyar fiye da kilomita uku. Baƙo zai ga fili da gine-gine masu ƙyalli, ya ce masha Allah, ya wuce. Ɗan gari kuwa in ya dubi wurin, gidajen mutane yake gani. Kafin a fitar da titin nan sai da aka rushe dubban gidaje a sassan Hindawiyya da Tandabawi da Shara Mansur, kuma kowa ya san waɗannan unguwanni su ne matattarar mutanenmu tun zamanin kakanni: Hausawa, Fulani, Barebari, Zabarmawa, duk waɗanda ake haɗawa a kira Takari.

Rusau yana da hujjarsa. Lungunan sun matse, motar kashe gobara ba ta shiga, wasu gidajen a jikin dutse suke a maƙale, kuma birnin da ke karɓar miliyoyin baƙi a shekara dole ya nemi hanya. Abin da ya dame ni shi ne, mazauna lungunan nan da iyayensu da kakanninsu sun yi wa Makka aikin ƙarfi fiye da shekara 200, amma da wuya ka sami inda aka rubuta labarin wannan aiki daga bakinsu. Yanzu ga gidajen sun tafi, tsofaffin kuma suna bin su.

Don ku ga abin da nake nufi, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wadda talakawanta suka sha irin wannan wuya, amma labarinsu bai ɓata ba.

Wales yanki ne a yammacin tsibirin Birtaniya, ƙasar tuddai da ruwan sama da tumaki, mutanenta suna da harshensu daban da Turancin Ingila. Har tsakiyar ƙarni na 18 manoma ne da makiyaya. Sai masu kuɗi suka farga cewa a tuddan kudu akwai tama da kwal da dutsen farar ƙasa a wuri guda, wato duk abin da ake bukata don narka ƙarfe. Garin Merthyr Tydfil, wanda a ƙidayar 1801 yake da mutum wajen 7,700, ya haura 46,000 a 1851. Masana'antar Dowlais da ke can ita ce mafi girma a duniya a harkar ƙarfe a shekarun 1840, da tanderu 18 da ma'aikata sama da 7,000. Dogon da aka shimfiɗa wa jiragen ƙasa a Amurka da Rasha, da yawansa daga nan ya fito. Kwarin Rhondda kuma, wanda a 1851 mutanensa ba su kai 1,000 ba, kwal ya cika shi da mutum sama da 150,000 kafin shekarar 1911 ta fita.

Su wa suka cika waɗannan garuruwa? 'Yan ci-rani ne. Samarin ƙauye da gona ta kasa riƙewa, da mutanen Ayilan da yunwa ta koro daga tsallaken ruwa. A wasu masana'antun ba a biyan lebura da kuɗin gwamnati, sai da wasu kwabbai na kamfani waɗanda ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin, inda kaya suka fi na kasuwa tsada. Ɗakin da yake haya ma sau da yawa na mai masana'antar ne. Ka yi masa gardama da safe, kafin yamma ka rasa aiki, ka rasa makwanci. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kafili, wato mai ɗaukar nauyin zaman baƙo, a ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Iyalan gidan Crawshay, masu masana'antar Cyfarthfa, sun gina wa kansu fada a kan tudu a 1825, daga tagarta suna hango wutar tanderunsu. Can ƙasa a kwari kuwa babu ruwan famfo, babu magudanar ƙazanta. Da kwalara ta shiga Merthyr a 1849 ta kashe sama da mutum 1,400.

Ga kuma yara. Wani kwamitin bincike na gwamnati ya fitar da rahoto a 1842, bayan ya shiga ramukan kwal ya tarar da yara 'yan shekara shida da bakwai zaune cikin duhu, aikinsu buɗe ƙofar iska da rufe ta duk sa'ad da amalanken kwal ya zo wucewa, tun asuba har dare. Kwamitin ya tambayi yaran, ya rubuta sunayensu da shekarunsu da abin da suka faɗa. A wannan shekarar aka yi dokar da ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma shiga rami. Har gobe ana iya buɗe wannan rahoto a karanta maganar yaran.

A watan Yuni na 1831 tura ta kai bango a Merthyr. An rage albashi, an sallami wasu, ga kotun bashi tana aika ma'aikatanta suna kwashe wa talaka gado da tukunya. Jama'a suka fito, suka ƙona takardun kotun, suka bi gida-gida suna mayar wa mutane kayansu, suka ɗaga jar tuta. Sojoji suka buɗe wuta a ƙofar wani masauki a tsakiyar gari, aka kashe mutum wajen 20. Bayan ƙura ta lafa aka kama wani saurayi mahaƙin kwal ɗan shekara 23, Richard Lewis, wanda aka fi sani da Dic Penderyn, aka ce shi ya soki wani soja a ƙafa. Mutum sama da 11,000 suka sa hannu a takardar neman a yi masa afuwa, hukuma ta toshe kunne, aka rataye shi a Cardiff ranar 13 ga Agusta. Yau shekara kusan 200 ke nan, amma ɗan makaranta a Wales ya san sunansa.

To, a wannan shekara ta 1831 ne kwalara ta fara shiga Makka lokacin aikin hajji. Daga nan kuma zaren ƙasashen biyu ya fara haɗuwa, ko da yake mazaunansu ba su san juna ba. Kwal ɗin kudancin Wales yana da zafi, ba shi da hayaƙi da yawa, don haka shi jiragen ruwa masu tururi suka fi so. Ingilishi sun kama Adan a 1839 sun mayar da ita wurin loda wa jirage kwal. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, Bahar Maliya ta cika da jirage, kwal ɗin Cardiff yana jibge a tashoshinta. Jiragen nan ne suka riƙa kwaso alhazan Indiya da Jawa suna saukewa a Jidda, da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma su ne suka riƙa yaɗa annoba da sauri. Tun a hajjin 1865, kafin a buɗe mashigin, kwalara ta kashe alhazai wajen 15,000 cikin kimanin 90,000, ta bi jirage ta shiga Masar, ta haye Turai, a 1866 ta isa garuruwan kwal na Wales. A wannan shekarar ƙasashen Turai suka yi taro a Santambul kan yadda za a riƙa killace alhazai. Su kuwa masu zuba kwal a cikin tanderun jiragen, da yawansu Yamalawa ne da Somalawa, wasunsu suka yada zango a bakin tashar Cardiff, suka zama ɗaya daga cikin al'ummun Musulmi mafi daɗewa a Birtaniya.

Amma namu mutanen ba a jirgin tururi suka zo ba, sai 'yan ƙalilan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ta jirgin ruwa a 1921, har ya ga Ingila a tafiyar. Talaka kuwa ƙafa ce jirginsa. Daga Kano ko Katsina ko Damagaram ya nufi Borno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur, ya bi ta Alfashir da El Obeid har bakin kogin Nilu, daga nan ya nemi Sawakin a bakin teku. Ba shi da guzurin da zai kai shi, saboda haka tafiyar tasa aiki ce: ya yi noma a nan damina guda, ya yi dako a can, ya yi ɗinki, ya yi wanzanci, matarsa ta yi fura da ƙosai, su tara na gaba. Tafiyar kan ci shekaru. Yaron da aka goyo daga gida yakan iso Jidda da ƙafarsa, har da ƙanne a bayansa.

Da suka iso me suka yi? A nan dole mu jingina da abin da baƙi suka rubuta. Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya zauna Makka a 1814, shekara uku kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya ga alhazan ƙasashen baƙar fata, waɗanda a lokacin ake haɗa na Darfur da na Borno da na can yamma duk a ba su suna ɗaya. Ya bayyana cewa da sun sauka Jidda sai su shiga ƙwadago: dakon kaya da hatsi daga jirage zuwa rumbuna, sharar gidaje, ɗaukar ruwa, da hawan duwatsu su yiwo itacen girki, wanda a ganinsa mutanen Makka da Jidda da su suka dogara wajen samunsa. Wasu suna gina 'yan murahun yumɓu su shafa musu launi, alhazai su saya su dafa gahawa. Wasu suna saƙar tabarma da kwanduna da ganyen dabino. Ya kuma lura cewa kaɗan ne cikinsu ke bara. Duk mai cewa mutanenmu roƙo ya kawo su ƙasar nan, ya kamata ya san da wannan shaida, ta mutumin da ba shi da dalilin yi mana kara.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu son tonawa. Ba duk baƙin mutum da ya yi wa Makka aiki a ƙarni na 19 ne ya zo da ƙafarsa ba. Wani malamin ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, wanda ya zauna Makka a 1885, ya rubuta cewa aikin gini da fasa dutse mafi wuya bayi 'yan Afirka ne ke yin sa. Da daular Usmaniyya ta aiko umarnin hana cinikin bayi a 1855, manyan Makka sun yi tawaye har aka zub da jini, kuma da aka fitar da dokar hani ta gaba ɗaya a 1857 sai aka tsame Hijaz daga cikinta. Wasu bayin an sato su ne a kan hanyar hajji. Wasu, mu faɗi gaskiya, namu ne suka taho da su da sunan 'ya'ya ko barori, suka sayar da su da guzuri ya ƙare. Bayan yarjejeniyar Jidda ta 1927, ofishin jakadancin Ingila a Jidda yana da ikon 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, har zuwa 1936, kuma ma'aikatan ofishin sun rubuta bayanan waɗanda suka 'yanta: daga ina kake, wa ya kawo ka, wa ya saye ka, wane aiki kake yi. Cikinsu akwai 'yan Nijeriya. Abin takaici ne a ce kusan nan ne kaɗai muryar ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙasarmu na wancan zamani ta shiga takarda. Sai a watan Nuwamba na 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Kada kuma wani ya ɗauka Wales ta tsira daga wannan dauɗa: dukiyar da gidan Penrhyn suka buɗe babbar mahaƙar dutsen rufi da ita a arewacin ƙasar, daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi 'yan Afirka ke noma. A mahaƙar nan ce ma'aikata suka yi yajin aiki na shekara uku, daga 1900 zuwa 1903.

Shekarar 1903 mu ma ba za mu manta da ita ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, dubban jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira da sunansa. Alfa Hashim, na gidan Shehu Umaru Futi, ya kai Madina ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan lokaci hanyar gabas ba ta sake yin shiru ba. Da Ingilishi suka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 suka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu masu niyyar hajji suka zama ƙashin bayan tsinkar audugar da ake kai wa masaƙun Ingila. Wasu sun tara kuɗin sun haye. Wasu suna can har jikoki. Masanin nan Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar da Hausawan da aka haifi iyayensu a Sudan, amma in ka tambaye su sai su ce a kan hanya suke.

Waɗanda suka haye, aikin da aka fi tunawa da shi shi ne ruwa. Kafin famfo ya shiga gidaje, ruwan Makka daga magudanar Ainu Zubaida yake zuwa, wadda matar Halifa Haruna Rashid ta ɗauki nauyin ginawa, ya taru a wuraren ɗiba da ake kira bazan. Daga bazan zuwa randar mai gida kuwa sai kafaɗar mutum. Da farko da salka ake ɗauka. Daga baya aka koma garwa biyu a rataye a bakin sanda, sandan a saɓe a wuya. Tsofaffin gidajen Makka dogaye ne, hawa huɗu ko biyar, matakalarsu ƙunci gare ta, ga zafin da kowa ya sani. Mai ruwa yakan tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya don mata su kauce, ya karkata kafaɗa don sandan ya shige kwanar matakala, ya hau har sama, ya juye, a ja masa layi a bango da gawayi ko alli, ranar biya a ƙirga layukan. Masu wannan sana'a ƙabilu ne daban-daban, har shugabansu gare su, namu kuwa suna da yawa a ciki. Garwar kanta ta kananzir ce da aka wanke. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma babu inda ya kai kudancin Wales, wajen garuruwan Llanelli da Swansea, ƙera fallen ƙarfe mai rufin kuza da kamfanonin mai na Amurka da Rasha ke yin irin waɗannan garewani da shi.

Da aka fara faɗaɗa Harami a zamanin Sarki Sa'ud a 1955, da rusau da gine-ginen da suka biyo baya, sai sabon aiki ya buɗe: fasa dutse, ɗaukar siminti, kwasar ƙasa. Jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, hanyar ƙafa ta riƙa mutuwa a hankali, amma zuwa neman aiki bai tsaya ba, sai dai ya sake kama. Aka shiga zamanin zuwa da bizar umara a ƙi komawa.

Yau zuriyar waɗannan mutane kashi-kashi ce. Akwai waɗanda kakanninsu suka sami takardar zama 'yan ƙasa tun farkon kafuwar mulkin Saudiyya. Su ne za ka ji sunansu ya ƙare da Hausawi ko Fallata ko Barnawi, suna cikin aikin soja da koyarwa da asibiti. Shaihu Umar Fallata ya shafe shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi kafin rasuwarsa a 1999. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Rasha a 2018, Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, kyaftin ɗinsu Usama Hausawi haifaffen Makka ne. Tsirenmu ma ya zama abincin gari, Larabawan Hijaz suna layi a gaban mai tukuba, suna neman a ƙara musu ƙuli da yaji. Akwai kuma waɗanda aka haifa a nan, aka haifi uwayensu a nan, amma daga igama sai igama, wato takardar zaman baƙo, wasu ko igamar babu. Su ne ke cikin tsoron jawazat, wato jami'an shige da fice, su ne ake kwasa a kai wurin tsare baƙi na Shumaisi a jira tarhil, wato a mayar da su gida, kamar yadda aka yi gadan-gadan bayan wa'adin gyara takardu ya ƙare a watan Nuwamba na 2013. Saurayin da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa sai ya tsinci kansa a filin jirgin Kano, bai san ko ƙofar gidan kowa ba.

Mata su suka fi ɗaukar nauyin, su aka fi mantawa. Wanda ya san kasuwar Hosh Bakar ta Shara Mansur ya san su: a zaune a bakin hanya, gabansu faranti, ga goro a jiƙaƙƙen algarara, ga daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan motar baladiyya, wato hukumar gari. Da an ce ga su nan, kafin ka ƙifta ido an naɗe shimfiɗa, faranti ya hau ka, an shige lungu. Wasu suna aikatau a gidajen Larabawa. Wasu suna tara ragowar burodi su shanya a rana su sayar wa masu dabbobi. Da wannan kuɗi aka yi wa 'ya'ya aure, aka gina gidaje a Kano da Maraɗi, aka biya wa iyaye kujerar hajji. Mu kuwa a gida mun karɓi kuɗin, sannan muka mayar da sunan Takari abin zolaya.

Mutanen Wales ma an yi musu irin wannan kallo. A 1847 gwamnatin Landan ta aika mutum uku, babu mai jin harshen ƙasar ko ɗaya a cikinsu, su binciki halin ilimi a Wales. Rahoton da suka kawo ya ce mutanen jahilai ne, harshensu ne ke dabaibaye su, matansu kuma ba su da kamun kai. Abin ya ƙona musu rai ƙwarai. Martanin da suka mayar shi ne suka kama rubuta kansu da kansu, a jaridunsu, a majami'unsu, daga baya a ƙungiyar mahaƙa kwal ta kudancin Wales da suka kafa a 1898. Lebura ya riƙa cire kwabo daga albashinsa ana gina ɗakin karatu a unguwa. Da aka ga ramukan kwal suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, malaman jami'ar Swansea suka bazama kwari-kwari da rakoda suna ɗaukar muryar tsofaffin mahaƙa da matansu, suna kwaso littattafai da tutocin ƙungiya kafin a zubar, aka buɗe ɗakin karatu na mahaƙa a 1973. Ramin Big Pit da aka rufe a 1980 ya zama gidan tarihi a 1983, tsofaffin mahaƙa suka zama masu shiga da baƙi ƙarƙashin ƙasa. Wani layin gidajen leburorin ƙarfe na Merthyr ma kwashe shi aka yi dutse-dutse, aka sake gina shi a gidan tarihi na St Fagans kusa da Cardiff.

Ba na tsammanin za a kwashe wani lungu na Hindawiyya a kai gidan tarihi, kuma yanayin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Mahaƙin Wales ɗan ƙasa ne, ya sami ƙungiya, daga baya ya sami ƙuri'a. Namu baƙo ne, ko an mayar da shi baƙo, kuma wanda ba shi da takarda ba ya son a san yana nan, balle a ɗauki muryarsa. Amma akwai laifin da yake namu. Tarihin hajji da muke bayarwa na malamai ne da sarakuna. Mun san Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi ɗan Katsina da ya yi hajji ya rasu a Alƙahira a 1741. Mun san tafiyar Shehu Umaru Futi. Wanda ya ɗauko musu ruwan alwala fa? Shi ma alhaji ne, kuma ya fi su daɗewa a hanya.

An taɓa gwada irin wannan aiki a ƙasar Hausa, ya kuma yi kyau. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Tsohuwar ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi karatun boko ba, amma har yau duk mai son sanin zaman matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya bi ta kanta. A wancan lokaci sai da alƙalami da haƙuri. Yau wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa. Cibiyoyin da za su adana abin ma akwai su: Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Mambayya a Kano, cibiyar tattara tarihin baka ta Tarayyar Afirka a Yamai, ga jami'ar Ummul Ƙura a nan Makka da cibiyarta ta binciken hajji.

Sai dai mai ɗaukar labarin ya san da wa yake magana. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana ɓuya ba za ta saki jiki da baƙo mai rakoda ba. Jikarta ce za ta iya, wadda ke jin Hausa da Larabci, ta zauna kusa da ita bayan la'asar ta ce, Hajiya, wai ta ina kuka biyo, nawa ake biyan garwa a lokacinku, wa ya karɓe ku ranar da kuka sauka. In tsohuwar ta ce a sakaya sunanta, a sakaya. In ta kai kan abin da ba ta son faɗa, kamar yadda aka yi da wata yarinya da suka taho tare, a bar ta ta yi shirunta, wata rana ta dawo kansa da kanta.

Kuma rabin aikin ba ya bukatar biza. Rusau da tarhil sun watsa mutanen lungunan nan, wasu sun koma gefen gari, wasu Jidda, da yawa kuwa an mayar da su gida. Suna nan a Fagge da Kurna da Rijiyar Lemo, suna Damagaram da Maraɗi da Maiduguri, tsofaffi masu jefa Larabci a cikin Hausarsu, waɗanda za su iya zana maka Shara Mansur a ƙasa da yatsa, gida-gida, su gaya maka mai kowane shago. Ɗalibin tarihi da ke Jami'ar Bayero yana neman abin da zai rubuta, kuɗin adaidaita sahu kawai zai kashe ya isa wurinsu.